Maƙwabcin Gonar Inna

Shekarar da aka kawo Inna gidana jinya, ba na jin akwai matar da ta kai ni tsanar wasan gem a duk Ƙofar Guga. Ina da dalilina. Maigida mutum ne natsattse, malamin makaranta, jam'i ba ya wuce shi, amma in ya dawo aiki ya kishingiɗa ya fara buga ƙwallon nan ta cikin waya, sai in yi magana sau uku kafin in samu "uhm" guda. Tuwo ya sha hucewa a gabansa. Nakan ce, "Malam, mutanen nan da kake kora da yatsa ba su san kana yi ba." Ya ce, "Saura minti biyu a tashi." Na daɗe da sanin tsawon minti biyun nan, ana iya dafa taliya a cikinsu har a tace.

Inna mahaifiyata ce, ni ce 'yar farinta. Saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, in kuma tana ba wani labarina, "waccan ta birni". Tana da ciwon suga. Kututturen dawa ya soke ta a tafin ƙafa a gona, ta ɗaure da tsumma ta yi shiru da bakinta, har sai da wurin ya zama gyambo. Da aka kawo ta asibiti, likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce a riƙa kawo ta wankin ciwo duk bayan kwana biyu har wata uku, kada ta taka ƙasa da ƙafar, in kuwa aka yi wasa, yanke ta za a yi. Yayyen da take da su sun rasu, ƙanena yana aiki can kudu, ni kaɗai ce a cikin Katsina. Dole ta zauna gidan suruki.

Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan yake nufi. In Malam yana gida, Inna ba ta cin abinci, ba ta tari da ƙarfi, ba ta leƙo tsakar gida. Da safe ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. In magana ta wuce gaisuwa, sai ta biyo ta kaina, ko da kuwa taku uku ne tsakaninsu.

"A tambayi Inna ko ƙafar ta bar ta ta yi barci."

"Ki ce mashi da sauƙi, an gode."

Ni kuma in juya in faɗa masa abin da ya riga ya ji.

Ba a yi sati biyu ba ta fara maganar tafiya. Mace ce da ba ta taɓa wuni hannunta a sake ba. In ba ta gona, tana wajen awakinta, in ba ta can, tana sussuka ko saƙar faifai. Yanzu ga ta an jingine mata ƙafa a kan matashi, sai carbi da kallon silin. Na kawo mata wake ta tsince, ta gama kafin in wanke tukunya. Na kunna mata wa'azi, ta saurara, da aka shafa ta ce, "Ke, ki nemo mani motar garinmu. Ciwon nan can ma shina warkewa. Ina dalilin mutum shi zauna gidan suruki shina cin tuwo kamar an ɗaure tunkiyar layya." Na shiga kicin na yi kukana, don na san in ta sa ƙafa a ƙauye, gona za ta nufa.

Wata ƙawata da muke Islamiyya tare ta zo dubiya. Ta zauna tana ta jan Inna da hira, Inna na amsawa da ƙyar, sai wayarta ta yi kukan saniya. Inna ta ɗaga kai.

"Mi ke nan?"

"Shanuna ne, Inna, sun ji yunwa," in ji ƙawata, ta matsa ta nuna mata.

Wasan noma ne. Ga fili, ga rumbu, ga kaji sun yi ɓul-ɓul, ga wasu shanu masu dabbare-dabbaren fari da baƙi. A ja yatsa a shuka, a ja yatsa a girbe. Inna ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya yi maki kunyar nan? Ai ba a shuka masara a matse haka." Rabon da in ji muryarta ta fito sosai tun ranar da aka kawo ta.

Ina da wata babbar waya mai faɗin faranti, irin wadda ake ce wa tabulet, Malam ya saya mani don sauraron karatu. Ta taɓa faɗowa daga tagar kicin, tsagewa ta ratsa kusurwarta ɗaya, cajinta kuma ba ya kai wuni. Ni da nake yi wa mijina wa'azi a kan gem, da hannuna na miƙa wa ƙawar tawa ita na ce ta sa mana wasan. Abu guda na roƙa, a kashe kiɗan, a bar kukan dabbobin.

Nan muka ci karo da abin da ban taɓa tsammani ba. Gilashin ya ƙi sanin yatsan Inna. In na taɓa, ya amsa nan take. In ta taɓa, shiru, kamar ta dangwali bango. Shekaru na riƙon fartanya da taɓarya sun sa fatar yatsunta ta yi kanta, ta bushe ƙamas. Ta danna, ta ƙara dannawa da ƙarfi, har na ji tsoron tsagewar za ta ƙarasa.

"Allon naki na raina talaka," ta ce. Tun ranar ba ta sake kiran abin da wani suna ba sai allo.

Muka gano in ta shafa man kaɗe yana ɗan amsawa. Kwana biyu muka yi a haka, gilashin ya koma kamar kaskon tuyar waina, gonar tana ta ƙyalli a ƙarƙashin maiƙo. Malam ya gani. Washegari ya biya ta wajen masu kayan waya a Babbar Kasuwa ya dawo da wani ɗan alƙalami mai kan roba, ya ba ni a zaure.

"A ba Inna, a ce da wannan ake yi."

Inna ta juya shi, ta shinshina, ta riƙe shi a dunƙule kamar za ta cire ciyawa. Ta ja layi guda, alkama ta fito reras. Ta yi wata 'yar dariya a ciki-ciki, ta rufe baki da mayafi.

Daga nan gidan ya canza. Da safe in ta gama azkar, ta ce, "Ke, kawo allon." Karatun boko ba ta da shi, don haka duk abin da wasan ya rubuto ni ke karanta mata. Sai ya zama muna zaune kafaɗa da kafaɗa a kan katifa, kanmu a haɗe. Ni dai ban tuna ranar da na taɓa zama kusa da ita haka ba, ko ina ƙarama, don a ɗakin kakata na tashi. Ina jin ƙamshin man kaɗenta, ina jin numfashinta in tana jiran masara ta nuna. Wani lokaci da gangan nake jan karatun.

Ƙorafinta kuwa ba ya ƙarewa. Babu gero, babu dawa, babu ko kuɓewa. Masara tana nuna kafin a idar da azahar. Kaza ta yi ƙwai ba zakara a gidan. "Ƙasar su wa ce wannan, ba fari ba tsuntsu? Waɗannan ba su san noma ba, sun dai ji labari." Amma tana faɗa tana shuka. Da wasan ya kawo mu inda ake buɗe garken aladu, ta sa na ja shi can bayan wasu itatuwa inda ido ba ya kaiwa, aka bar shi wayam har ta bar gidan. In an kira salla, ta kife allon a kan matashi tun ladan bai kai ƙarshen kabbarar farko ba. Wannan na nuna wa Malam da ido fiye da sau ɗaya.

Wahalarmu caji. In an ɗauke wuta allon ya mutu, sai Inna ta shiga zullumi, shanu na can da yunwa. Na ce, "Inna, ba sa mutuwa fa, kwanciya kawai suke yi." Ta ce, "Kwanciyar yunwa daɗi gare ta?" Har fitilar solarmu muka riƙa tatsa. Ranar wankin ciwo kuwa da allon muke shiga kurkura mu tafi asibiti. Da can sai na riƙe mata hannu in nas ta fara goge wurin, tana cije leɓe. Yanzu tana can tana tsintar ƙwai, nas ɗin ma ta leƙo tana ba da shawara.

Wata ranar Laraba rumbun wasan ya cika. Na ce mu sayar mu samu wuri. Inna ta ce ba a fitar da zakka ba.

Na yi dariya, na ga ita ba ta yi ba. "Inna, wasa ne fa."

"Na san wasa ne, ai ban haukace ba. Amma tunda nike ban taɓa zuba hatsi rumbu ban fidda na Allah ba. In hannu ya koyi rowa wurin wasa, ranar gaske ma sai shi noƙe."

Ta ɗan yi tunani a kan ko noman damina ne ko na ban-ruwa, tunda ba ta taɓa ganin hadari a allon ba, ba ta kuma ga mai jan guga ba. Ta yanke a fitar da ɗaya cikin goma, gara a yi sama. To, wa za a ba? Wasan ba shi da wurin kyauta sai ga maƙwabci, wato wani mai irin gonar da kuka haɗa zumunci ta waya, in ya nemi taimakon kaya ka tura masa. Ƙawata ta riga ta yi nisa, rumbunta ya fi namu sau nawa, Inna ta ce wannan ba ta cancanta ba.

Da na ba Malam labari, ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Bari in buɗe gona. Sabon manomi ai miskini ne."

Na san Inna ba za ta taɓa yarda ta yi hulɗa da suruki haka ba, balle ta ba shi zakka. Da gonar ta bayyana a gefen tata, ta tambayi ta wace ce, na ce, "Wani bawan Allah ne." Na lallashi zuciyata da cewa ban yi ƙarya ba, ai bawan Allah ne. Amma na san abin da na yi.

Malam gwanin ƙwallo ne, noma kuwa sai a hankali. Ya shuka ya manta. Shingensa a karkace, ya dasa itace a tsakiyar hanya, shanunsa kullum a kwance. Wasan yana bari ka leƙa gonar maƙwabci, Inna kuwa ta mayar da leƙen nan abin yi. Kuma tunda ranta ya sake, muryarta ta dawo irin ta gona, wadda ake ji daga kunya goma.

"Ke, zo ki ga ragon nan. Alkamar da na ba shi shekaranjiya tana nan bai taɓa ba."

Malam yana tsakar gida a kan tabarma yana duba littattafan ɗalibai.

"Wannan ko mata gare shi, tana shan wahala. Ji shinge kamar haƙoran tsohuwa. Da ganin shi ɗan birni ne, irin masu zama gindin fanka ana kawo masu tuwo."

Na leƙa ta taga, na ga kafaɗunsa suna rawa, ya toshe baki da littafin wani yaro. Da na kai masa abinci ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yau me na yi kuma?" Na ce, "Ka bar karas ya kwana a gona." Ya ce, "Kaico, ban kyauta ba." Ya fi sati uku yana shan wannan faɗa, kuma na lura ya fara dawowa gida da wuri don kada ya rasa. Ƙwallon ma ta ragu. Ciwon Inna kuwa ya fara haɗewa daga gefe, likita ya ce in aka ci gaba a haka, sati uku suka rage.

Ran wata Asabar da la'asar na fito da ita tsakar gida ta sha iska, don mun ɗauka Malam ya tafi masallaci. Ashe ya dawo ɗauko hula, ya ajiye wayarsa a kan tabarma, ya zaga ya sabunta alwala. Wayar a buɗe take. Ina kicin na ji shiru ya yi yawa, na leƙo. Inna ta sunkuya tana kallonta. Mai noma ba ya ɓatan gonar da ya saba leƙawa. Ga karkataccen shinge, ga itace a tsakiyar hanya.

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce in mayar da ita ɗaki. Ba ta nemi allon ba, ba ta ci tuwon dare ba. Da gari ya waye na shiga gaishe ta, na tarar ta ƙulle kayanta a zani, ƙullin yana gabanta.

"Ki nemo mani mota."

"Inna, saura sati uku."

"Ko kwana uku ne. Na ci tuwon mutum, na kwana ɗakinshi, na zage shi shina ji. Rago na ce mashi. Haƙoran tsohuwa na ce." Muryarta ta karye. "Ke kuma kina tsaye kina kallona. Da wane ido za ni amsa gaisuwarshi?"

Na durƙusa na ba ta haƙuri, na ce laifina ne, kuma nawa ne ɗin. Na tuna mata maganar likita. Ta ce ƙafa ai Allah ke warkarwa. Na san halinta, in ta ce za ta tafi, ko da rarrafe sai ta kai tasha.

Sai ga sallamar Malam a bakin ƙofa. Ya durƙusa inda ya saba, ya yi gaisuwa, ta amsa can ƙasan maƙoshi. Ya ga ƙullin. Ya juyo ya dube ni.

"A faɗa wa Inna, duk abin da aka faɗa a kan mai gonar nan gaskiya ne, ba a ƙara masa ko ɗaya ba. A gidanmu alli muka gada, ko barkono ban taɓa shukawa ya fito ba."

Na juya na maimaita. Inna tana kallon bango.

"A kuma faɗa mata ina neman alfarma. Abokan aikina sun ga gonar, sun mayar da ni abin dariya a ofis. Suna cewa wai surukin manoma ne wannan. In Inna ta tafi ta bar ni a haka, sunan gidansu ne zai ɓaci, ni dama ba ni da na ɓatawa. A taimaka a karɓe ta a gyara mani, ko sati uku ne."

Ya zaro wayar daga aljihu ya ajiye a bakin ƙofa, ya tura ta ciki da yatsa biyu.

Can Inna ta gyara mayafi, har yanzu fuskarta na bango, ta ce, "Ki tambaye shi, shi wa ya ce mashi ana dasa icce bisa hanya?"

"A ce mata kyau na ga ya yi."

"Kyau." Ta yi tsaki ɗan siriri. "Miƙo mani alƙalamin."

Haka Malam ya yi sati uku yana barin wayarsa a gida in zai tafi makaranta, ya koma riƙe wata tsohuwar ƙarama mai madannai. Inna ta haɗa gona biyu, allo a cinya, waya a hannu. Ta tumɓuke shingen ta sake jerawa, ta tayar da shanun. Faɗan bai tsaya ba, sai dai ya koma ƙasa-ƙasa, kuma an daina cewa rago, an koma "mai gonar". Ƙullin kayan ya kwana huɗu a ɗaure, ranar ta biyar ta ce in ciro mata ɗankwali daga ciki, ban sake ɗaurewa ba, ita ma ba ta ce a ɗaure ba.

Har yau in mata suna hirar gem a Islamiyya, wasu na tsinewa wasu na karewa, ba na iya shiga da ƙarfi kamar da. Na ga yana cin lokacin mutum, wannan ban janye ba. Na kuma ga kusan wata uku da ya riƙe mani tsohuwar da duk roƙona bai riƙe ba. In an matsa mani, cewa nake a dai kife shi in an kira salla.

Ranar da likita ya duba ya ce wurin ya rufe, ya danna da yatsa ta ce ba ta jin zafi, na yi hamdala har nas ta taya ni. Muka biya kasuwa Malam ya sa aka zaɓo mata takalmi mai taushi mai rufin baki, irin wanda likita ya ce. Ƙanena ya zo da mota bayan kwana biyu. Inna ta sa takalman duka biyu, ta tako tun daga ɗaki har ƙofar gida ba wanda ya riƙe ta, tana ɗan ɗingishi, maƙwabta suna ta yi mata barka. Na ce ta tafi da allon. Ta ce ina za ta samu lokacinsa, ga gyaran gona ya matso, ga awaki an bar wa mutane.

Da motar ta sha kwana na dawo ɗakin na zauna a kan katifarta. Allon yana kan matashi, alƙalamin a gefe. Na buɗe don in ga inda ta tsaya, na tarar ta girbe komai ba ta sake shuka ba, kaji da shanu duk an ƙosar da su, rumbu a cike. Na duba wayar Malam, nan ma haka, sai dai shi ta bar masa kunya ɗaya tak ta alkama, a bakin hanya inda ba zai ce bai gani ba.